Kiran da Ya Sauka Injamena

Ranar Asabar da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na Sabon Birni, ƙafafunta duk laka. Sunanta Safiyatu, ma'aikaciyar lafiya ce a Zangon Maje, wani ƙaramin ƙauye can bayan Gatawa.

"An sace muna wayar eriyar rediyo," ta ce wa Insfekta Muntaka. "Jiya da la'asar kuma 'yan bindiga sunka shigo. Mutum ukku munka rufe."

Insfekta ya ajiye biro. Wata biyu ke nan da katse sabis ɗin wayar salula a yankin. Abin da ya rage wa ƙauyuka bakwai shi ne rediyon kira da wani tsohon injiniya, Malam Kalilu, ya kafa musu. Shi yana zaune gaban nasa a nan cikin gari, in kiran gaggawa ya shigo ya sanar da jami'an tsaro.

"Ba ki kira ba?"

"Na kira, yallaɓai. Tun sadda anka hango ƙurar babura nike kira. Sau nawa ban sani ba. Babu wanda ya amsa."

"Rediyon ya nuna matsala?"

"Koriyar fitila shike nunawa. Lafiyarshi lau."

Insfekta ya wuce gidan Malam Kalilu. Ya same shi zaune a zaure gaban na'urorinsa, idanunsa sun yi ja.

"Ban tashi daga nan ba jiya sai don salla, kuma maƙwabcina ya tsare min wurin," in ji tsohon. "Babu abin da ya shigo."

"To ko dai an yanke wayar tun kafin harin?"

"Da an yanke ta, da jar fitila Safiyatu za ta gani." Ya juyo ya dubi Insfekta. "Akwai abin da ya hi wannan. Yau da sahe wani abokina mai irin wanga rediyo ya kira ni ta rediyo daga Injamena. Ya ce jiya da la'asar ya ji wata mata tana kuka tana kiran sunana. Ya nemi lambata, ba ta shiga."

"An ji ta a Cadi, ba a ji ta nan ba? Tafiyar awa ɗaya?"

Malam Kalilu ya ɗauki tocila ya haska rufin zauren. "Ka ga yadda hasken ya bugi ruhi ya watsu ɗaki duka? Can sararin sama akwai wani abu kamar ruhin ɗaki da ke maido da magana. Shi ya sa muke shimfiɗa wayar a kwance, ƙasa-ƙasa, tsawon mutum biyu daga ƙasa. Magana ta tahi sama tsaye, ta zubo bisa ƙauyukan da ke kusa." Ya karkata tocilar zuwa ƙofa. "In ka tsai da wayar tsaye, maganar sai ta hita a karkace. Ta tsallake mu, ta sauka wata ƙasa. Rediyo kuwa ba ya nuna wata matsala."

"Wa ya san wannan a Zangon Maje?"

"Duk wanda ya zauna karatun da na yi musu. Ba su hi biyar ba."

Sai bayan azahar aka samu rakiya. Mota ɗaya gare su a ofis, ita ma sai da aka tura ta.

Zangon Maje shiru, rabin gidajen a buɗe, masu su sun gudu. Asibitin ɗaki biyu ne, rediyon yana ciki, wayar kuwa a bayan katanga take, inda mai shigowa ta gaba ba zai gan ta ba. Sanduna biyu na nan tsaye, babu komai tsakaninsu.

Wani magidanci ya matso, sanye da riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Ya ce sunansa Na'Allah, shi ya taya Malam Kalilu kafa sandunan.

"Ranka shi daɗe, ba sai ka wahala ba. Talha ne, Bafulatanin da ke kiwo bayan gari. Na gane shi nan wurin jiya. Jan ƙarhe ne wayar, sayarwa za shi yi."

Insfekta ya duba bakin igiyar da ke jikin sanda. Ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi, a tsanake. Taku ashirin daga nan akwai wata doguwar giginya. Ya zagaya ta. A gindinta ya ga turke sabon kafawa, a jikinta kuma alamar gogewa irin ta hawa, har sama.

An kawo Talha, mutane na biye da shi da sanduna. Insfekta ya shigar da shi ɗakin magani ya rufe ƙofa.

"Ina kake jiya da rana?"

"Ina daji. Ban zo kusa da gari ba."

"An gan ka."

"Ƙarya ce."

"Talha, in na fita na ce ban samu komai ba, mutanen nan ba za su bar ka ka kai gida ba. Ni kuma 'yan sanda huɗu gare ni. Faɗa min abin da ka gani."

Talha ya sassauta murya. "Na biyo ta nan sadda maza sunka tahi Juma'a. Na ga waya ta miƙe bisa giginya, wani shina saukowa. Bayanshi na gani. Na ji tsoro in yi magana, don komi ya faru mu aka cewa."

"Da igiya ya hau?"

"Da hannu da ƙahwa. Ba riga jikinshi."

Insfekta ya kira Safiyatu gefe. "Cikin waɗanda suka yi karatun rediyo, wa ke hawan giginya?"

"Na'Allah kaɗai. Amma yallaɓai, mutumin kirki ne. Kwanan ga ma shi ɗai yake gida, matarshi Binta ta tahi Isa jinyar uwarta."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara ke nan."

Washegari Insfekta ya tafi Isa. Ya samu gidan iyayen Binta kusa da kasuwa. Tsohuwar da aka ce tana jinya ita ta fito da kanta, da tsintsiya a hannu.

"Binta? Rabona da ita tun Babbar Salla. Lafiya dai?"

Insfekta ya ce tambaya ce kawai ta aiki, ya yi sallama. Har ya kai bakin mota yana jin ta tana kiransa.

Ranar Litinin ya koma Zangon Maje. Ya tarar da Na'Allah zaune a ƙofar gidansa, kamar mai jiran baƙo.

"Naɗe hannun rigarka."

Na'Allah ya naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk fatar ta saluɓe.

"Na je Isa," in ji Insfekta. "Ina Binta?"

Da Na'Allah ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Ta tahi itace sunka ɗauke ta. Kwana biyu bayan nan sunka aiko min. Sunka ce ba su son komi gare ni, rediyon ga ɗai ya dame su. In kashe shi ranar Juma'a, su sako ta. In na hwaɗa ma wani, gawarta za ni gani."

"Me ya sa ba ka yanke wayar ba?"

"Da Safiyatu ta ga jar fitila, da ta tada mai babur ya kai labari Sabon Birni. Sai na tuna abin da Malam Kalilu ya ce kada mu kuskura mu yi." Ya share fuska. "Sun ce min shanu ɗai za su kora. Wallahi haka sunka ce."

"Wayar fa?"

"Tana cikin rumbuna. Sadda aka jana'iza na sauke ta, don a ce ɓarawo ne."

"Ka kuma ɗora wa Talha."

"Na ɗora mai. Allah shi yahe min."

"Sun sako ta?"

Na'Allah ya girgiza kai. "Tun Juma'a nike zaune nan. Duk motsin da na ji sai in tashi."

Insfekta ya tsuguna gabansa. "Da ka zo wurina."

"Da na zo, ranka shi daɗe, mi za ka yi?"

A aljihun teburin Insfekta akwai sunayen mutum talatin da ɗaya da aka ɗauke daga wannan yankin tun farkon damina. Bai dawo da ko ɗaya ba.

Aka fito da wayar daga rumbu, a nannaɗe tsaf. Mutane suka taru. Babu wanda ya ɗaga sanda. Cikin mutum ukun da aka kashe har da ƙanen Na'Allah, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa kuma ya sani. Talha yana tsaye can nesa, babu wanda ya je ya ba shi haƙuri.

Wani sajan ya sa wa Na'Allah ankwa. Sun kai bakin mota sai ya tsaya, ya waiwayo wajen Safiyatu.

"Malama, in ta dawo ta iske ɗaki ruhe, mabuɗi shina ƙarƙashin turmi. Kada a hwaɗa mata abin da na yi tun ranar. A bari ta ci abinci tukuna."

Safiyatu ta dubi Insfekta. Shi kuwa ya kau da kai.

"Za ni hwaɗa mata," ta ce.

Aka tura motar har ta tashi.