Sunan Uwar Miji

A daminar da Wacera ta haihu, shekararta biyu ke nan a gidan mijinta Gathogo, can cikin tuddan shayi na Murang'a, ba ta taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin surukarta ba. Laifinta ɗaya ne: a Nairobi ta tashi.

"'Yar birni!" in ji tsohuwa Nyaguthii kullum. "Ba ta iya tsinkar ganyen shayi ba, ba ta iya goya itace da igiya a ka ba. Gathogo, mata ka auro ko kayan ado?"

Ranar da aka dawo daga asibiti da jaririya, mata suka cika tsakar gida da guɗa. Tsohuwar kuwa ta shige ɗakin girki ta turo ƙofa.

Gathogo ya faɗo ɗakinsu idanu jajur.

"Na yanke shawara. Mukami za a sa mata, sunan mahaifiyarki."

Wacera ta ɗago da sauri. "Kai! 'Yar farin? Sunan uwar miji take ci, kai ma ka sani. Mamana sai ta biyu."

"Matar da ta sa ki kuka shekara biyu? Haba, masoyiya!"

"In ka tsallake ta, duk ƙauyen nan cewa za a yi ka binne uwarka da ranta. Ranar da ta rasu, a jikin wa za ta dawo in ba takwara?" Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen zani. "Ita ta yi mini laifi, ba kakanninmu ba. Birni na tashi, amma jinin Kikuyu ne a jikina!"

Ta saɓi jaririyar, tana dafa bango don ciwo, har ƙofar ɗakin girki.

"Maitu," ta kira ta yadda 'ya ke kiran uwa, "buɗe. Kanki na kawo miki."

Ƙofa ta buɗe a hankali. Bangon katako ba ya ɓoye magana, tsohuwar ta ji komai.

"Da ni ce ke, da na bi maganarsa," in ji Nyaguthii.

"Sunanki za ta ci. Kuma kin san matar ɗa ba ta kama sunan uwar miji da bakinta. Maitu zan riƙa ce mata har in mutu."

Tsohuwa ta karɓi takwararta. Ta daɗe tana kallon ɗan hancin nan irin nata, sannan ta tofa mata albarka, ta fashe da kuka.

"Ku ji, mata! Tarbiyya ba a gonar shayi ake tsinkarta ba. Haƙurin yarinyar nan ya kayar da ni a gidana!"

Ta jawo kujerarta mai ƙafa uku, wadda ba mai zama a kanta sai ita.

"Zauna, 'yata." Ta cika ƙwarya da kunu mai tsami ta miƙa mata, ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, mara kunya, me kake yi a tsaye? Je ka kamo ragon da ya fi ƙiba!"