Gashin Mage a Rigar Ango

"Ke za ki ɗinka masa rigar auren," in ji Umma, mahaifiyar Dogo, ta dire yadin a kan kekena ko kallona ba ta yi ba. "Ɗinkin kowa susa yake sa shi, naki kawai fatarsa take karɓa."

Ka ji ƙarfin hali. Matar da ta raba ni da ɗanta ce take so in yi masa kwalliyar auren wata.

"To, Umma," na ce, har da murmushina.

Dogo borin jini gare shi. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce mai zafin kai: abin da bai kai ya kawo ba, ƙura ko gashin mage, sai ta ɗauke shi abokin gaba, ta yi ta yaƙi har ta shaƙe mai jikin. Shi ya sa nake wanke yadinsa tas kafin almakashi ya taɓa shi, kuma zaren auduga kawai nake sa masa.

Ranar da ya zo gaida Innata, magenmu ta goga jiki a ƙafarsa. Kafin mu ankara idanunsa sun kumbura, numfashinsa na fita kamar usur. A asibiti, a gaban jama'a, Umma ta kira gidanmu gidan ƙazanta.

Na kyautar da magen da Inna take hira da ita tun rasuwar Baba. Na wanke gidan har bango. Inna ta yi kukanta a ɗaki. Duk da haka Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Auta... ba zan iya saɓa wa Umma ba."

Haƙuri ko? Zai ga haƙuri.

Na zage na yi masa ɗinkin da ban taɓa yi wa kowa ba. Da na gama, na karɓo magen daga maƙwabta, na shimfiɗa mata rigar ta yi birgimarta son ranta. Farar mage, farin yadi, wa zai gani? Har cikin ninkin wuya na cusa gashin da allura. So nake ya tsaya gaban amaryarsa fuska a kumbure, ya tuna da ni.

Da rana tsaka ya zo gwaji, shi kaɗai.

"Auta..."

"Tela za ka ce. Ga rigarka can."

"Har yanzu fushi kike?"

"Fushin me? Gwada, aiki nake."

Ya shafa aljihunsa, ya yi 'yar dariya. "Kin ga, na baro maganin shaƙata a gida. Ba komai, ai wajenki na zo. Shagon nan ne kaɗai nake shiga ba na tsoro."

Na dubi rigar. Kumburi na shirya masa, ba likkafani ba, ga shi asibiti da nisa.

Ya ɗauki rigar. Ya yi atishawa. Ya ɗaga ta zai zura kai...

Na fizge ta, na kafa mata almakashi tun daga wuya har ƙasa, na jefa bayan keke. Na ɗauki ruwan da nake yayyafin guga da shi na sheƙa masa a hannuwa.

"Fita!"

Ya tsaya yana kallona, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. "Ashe haka zuciyarki take? Umma ta faɗa mini, na ƙi yarda."

"Gaskiya ta faɗa. Fita, kada ka taɓa komai."

"Ba zan yafe miki wannan ba, Auta."

"Kada ka yafe."

Ya fita yana faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa kunne, ina bin muryarsa har ya sha kwana. Tar take fita, ba ta sarƙe ba ko sau ɗaya. Sai a nan na zauna a dandamalin shago na fashe da kuka.