Daga Accra Zuwa Gidan Igwai

A filin jirgin Sakkwato suka fara haɗuwa. Ni'imatu ta rako yayarta da za ta Umara, hannun jakar yayar ya tsinke, wani dogon saurayi ya durƙusa ya ɗaure shi tamau.

"Ɗaurin 'yan shanu ne," ya ce yana murmushi.

Sunansa Siddiƙu, ɗan unguwar Runjin Sambo a Sakkwato, amma a Accra ta ƙasar Gana yake fataucin shanu. Kafin damina ta wuce, ita ce "Ni'imar raina", shi kuwa "Bafatakena".

Da magabatansa suka zo Gidan Igwai, unguwar su Ni'imatu, mahaifinta Malam Abdulhamid ya ce a'a.

"Ba sana'arshi na ƙi ba," ya ce wa Ni'imatu. "Ƙanwata aure ya kai ta Sudan. Da Innarmu ta rasu, kabari ta iske. Ga Jafar ɗalibina nan, katanga ɗaya ta raba mu."

Siddiƙu ya turo saƙo: "Ni'imar raina, ki faɗa wa Baba awa ɗaya ce daga Accra zuwa Legas a jirgi."

Ta kai saƙon. Malam ya ɗago kai daga littafi. "Ni a Legas nike?"

Ta yi kuka, amma ba ta sauya ba. Da Jafar ya zo zance ta ce, "Malam Jafar, ina ganin girmanka, shi ya sa ba zan ɓoye maka ba. Zuciyata tana wani wuri."

Wata safiya hawan jini ya kayar da Malam, aka kwantar da shi a asibiti. Ta rubuta wa Siddiƙu: "Baba ba lafiya."

"Gani nan," ya amsa.

A Legas ya tarar ba jirgin Sakkwato ranar. Ya bi na Abuja, daga can ya shiga mota. Sai washegari da la'asar ya shigo, idanu jajur, ya durƙusa gaban gadon.

"Baba, ku ke da gaskiya. Da ta Allah ta kasance, da ban iske ku ba."

Ni'imatu ta ce a ranta: Shi ke nan, ya kashe maganarsu da bakinsa!

"Shi ya sa na yanke shawara a hanya," ya ci gaba. "Ƙanena Mu'az zai riƙe Accra. Ni zan dawo gida, in riƙa sayen shanu ina tura mashi."

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, shi nika so."

"Na sani tuntuni. Siddiƙu, ka ce wa manyanka su dawo."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, amarya ta tare a Runjin Sambo. Ranar da ta fara girki ta aika wa iyayenta abincin a keke. Malam ya buɗe kwanon, tururi ya bugi fuskarsa.

"Da zafinshi," ya ce. "Allah shi yi musu albarka."