Shuɗiyar Kasa

A can wani zamani, wani mai zane ya yi wa yara littafin namun daji. Ya zana zaki, aka ce madalla. Da ya zo kan macijiya kasa, launinta bai burge shi ba, sai ya yi ta shuɗiya. Aka ce madalla.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, jikata tana zuwa itace. Shuɗiya za ta riƙa dubawa, ta taka ta gaskiyar."

Ya yage shafin, ya zana kasa kalar busasshen ganye. Ba wanda ya ce madalla.

Ran nan tsohuwar ta dawo, riƙe da jikarta. "Ta ga ganye yana numfashi, ta ja da baya. Madalla, ɗana."