Hular da Ke Tambaya

Koren haske ya kawo a goshin hular kwanon Sallau, muryarta ta fita ta lasifikokin filin wasa na Sabuwar Gusau: "Sallau, yaya jiki?"

Yana kwance ƙarƙashin ƙarti uku, amma ya ce, "Da sauƙi." Fili ya kaure da sowa, makaɗa suka saki kalangu.

A ɗakin na'urori, yayarsa Injiniya Rakiya ba ta yi tafi ba. Allon gabanta ya nuna mata yadda ƙwaƙwalwarsa ta bugi ƙashin kai, kuma ta tsorata.

Wani kamfanin ƙetare ne ya kawo ƙwallon Amurka garin, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a ruga, wasu ƙarti su tare mutum su maka shi da ƙasa. Da ya rasa 'yan wasa sai ya shiga gidajen mahauta ya kwashe 'yan dambe, ya raba musu hular da ake kira Mai-Tambaya. Hular tana auna kowane karo, ta tambayi ɗan wasa lafiyarsa. In ya ce da ciwo, ta kunna jar fitila a fitar da shi. In ya ce babu, ta tsira masa allurar kashe zafi a ƙeya, ta kuma koyi cewa irin wannan bugu ba komai ba ne.

A can ƙasarsu a kunne take tambaya. A nan kuwa, da 'yan kallo suka ƙi zuwa, wani mai wayon banza ya ce a sa tambayar a lasifika, sai ga fili ya cika. Bai san cewa a garin nan ko wanda ke gargara aka tambaya, sauƙi zai ambata ba, balle ɗan damben da ake yi wa kirari.

Rakiya ta kai wa manajan kamfanin ƙara cewa jar fitilar ta daina kamawa gaba ɗaya. Ya yi murmushi, ya ce ai alƙaluma sun nuna ba a taɓa samun masu taurin kai irin na Gusau ba. Ta koma ta roƙi ƙanenta ya faɗi gaskiya ko sau ɗaya.

"Yaya," ya ce, "surukaina na zaune a layin gaba. In buɗe baki in ce da ciwo?"

Kafin damina ta faɗi Sallau ya fara manta hanyar gida. Daga baya sunayen 'ya'yansa suka bi. Kamfanin kuwa ya kwafi abin da hular ta koya, ya raɗa masa suna Ma'aunin Gusau, ya zuba a hulunan da za a aika duk ƙasashen da wasan zai shiga.

Ranar da jiragen kaya suka tashi da hulunan, Rakiya ta sami Sallau a inuwar ɗakinsa, yawu na zuba a gemunsa. Ya dube ta kamar baƙuwa. Ta durƙusa, ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta ce, "Sallau, yaya jiki?"

Ya miƙe wuya, idonsa ya yi haske. "Da sauƙi," ya ce.

Sannan ya karkata kunne yana jiran kalangu.