Gora Mai Jan Zare

Kwana huɗu bayan tsayuwar Arfa, wani asibiti a Makka ya kira ofishin 'yan sanda. Wata mata Bahaushiya ta haifi bakwaini, an kuma samu kaftagon, haramtacciyar ƙwaya mai hana barci, a jininta da na jaririn.

Sufeto Abdulilah Marwan aka tura, don shi kaɗai ke jin Hausa a ofishin. Ya tarar da matar, Rabi, a kwance, 'yar sanda na zaune a bakin ƙofa. Jaririn yana cikin kwalba a wani ɗakin.

"Me kika sha?"

"Wallahi ko maganin ciwon kai ban sha ba tun da na samu cikin nan."

"Jini ba ya ƙarya. Idan takardar nan ta isa gaban mai gabatar da ƙara, kurkuku za ki, a raba ki da yaron."

Ta juya fuska bango. "Ko ɗaukarsa ban yi ba."

Mijinta Mahmudu direban bas ne. Da aikin Hajji shi ke jigilar alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa. Sufeto ya same shi a barandar asibiti.

"Kwana nawa ka yi kana tuƙi?"

"Uku, Yallaɓai, ban runtsa ba."

"Me ya riƙe ka?"

"Gahawa kawai."

"Matarka fa?"

"Ina can wurin aiki. Ban san abin da take yi a gida ba."

Sufeto ya rubuta. Ya lura mutumin bai ce ba ta sha ba.

Da hantsi ya nufi unguwar Utaibiyya, gidan da ma'auratan suke haya tare da mahaifiyar Rabi, Hajiya Ikhlas. Ya bincika ɗaki da madafa, babu ƙwaya.

"Ɗan nan, 'yata ko shayi ta daina," in ji tsohuwar. "Zamzam kaɗai take sha, don haihuwa ta zo da sauƙi. Har wanda ya yi tsayuwar Arfa ta samu."

"Wane ne wannan?"

Ta ɗauko gorar roba da jan zare a wuyanta, ruwa ya rage kaɗan.

"A jakar mijinta na gani. Ruwan da ya yini a Arfa ai ba a barinsa. Kwana biyu ina ba ta. Ta ce da ɗaci, na ce bakin mai ciki ne. Ragowar na jariri ce, in shafa masa a baki."

Sufeto ya juye ruwan a kwalbar gwaji, ya wanke gorar, ya zuba zamzam mai kyau.

"Ki zo da ita asibiti gobe, Hajiya."

Washegari sakamako ya fito. Sufeto bai nuna wa kowa ba. Ya tsaya da Mahmudu a ƙofar ɗakin jarirai, sai ga Hajiya da gorar a hannu.

"Likita ya yarda a ɗiga masa zamzam," in ji Sufeto. "Shiga, Hajiya."

Mahmudu ya ga jan zaren. Ya sha gabanta.

"Umma, kada ki ba shi!"

"Don me?" Sufeto ya tambaya.

Mahmudu ya zauna a ƙasa. "Ƙwaya biyar na narka a ciki. A shingen bincike ba a taɓa gorar zamzam. Zaren don kada in rikita ta da wata ne. Da na neme ta ban gani ba, na ɗauka a mota na bar ta."

"Da aka ce kaftagon ne a jinin matarka fa?"

"Na gane. Na ji tsoro."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi. Hajiya ta tsaya tana kallon hannunta da ya riƙa miƙa wa 'yarta ruwan.

Sufeto ya koma ɗakin Rabi, ya sallami 'yar sandan da ke ƙofa.

"Tashi ki je ki ga ɗanki."