Ranar da Tarakta Ta Zo Gayya

Akwai wani hali da ba na yafe wa namiji: ya yi aiki guda ɗaya, ya ce wa wannan dominka na yi, ya juya ya ce wa wancan dominka na yi, in an zo wurin da dole ya zaɓa sai ya yi ta mui-mui da baki. Ja'afaru ɗan Malam Iliyasu na Tudun Kaba ya yi wannan hali, kuma ya ga abin da ya jawo masa.

A shekarun nan ne da aka janye tallafin mai, buhun taki ya fi ƙarfin talaka, mutane suka koma zuwa kasuwar Tsanyawa a ƙafa saboda kuɗin babur. Ja'afaru kuwa Allah ya ɗaga shi, yana Abuja yana riƙe wa ɗan majalisarmu na tarayya, Honarabul Abdussalam, waya da jaka.

Ranar da zan fara da ita, bayan la'asar ne, yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidan Malam Nababa. Rukayya 'yar gidan, wadda take koyarwa a Islamiyya, tana gefe tana murza bakin mayafinta. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka. Ya ajiye, ta sake yi.

"Yaya Ja'afaru, ka iso ne ko har yanzu kana hanya?"

"Haba Rukayya, ga ni a gabanki."

"Rigarka na gani. Kai kana can."

Ya yi dariya, ya kife wayar. "To na kashe. Faɗi, abar ƙaunata, ina jin ki."

"Baba ya yi magana jiya. Ya ce hadari ya fara haɗuwa, kuma har yanzu bai ga gayyarka ba."

A wajenmu ba a sa ranar aure sai saurayi ya tara abokansa sun yi wa uban yarinya aikin yini guda a gona. Ba don uban ya kasa ba. Don a ga ko yaron yana da mutane, kuma ko bayansa yana iya sunkuyawa.

"Rukayya, yaushe rabona da garma? Hannuna duk ya mutu. In Baba ya yarda sai in ɗauki 'yan ƙwadago..."

"Kar ka soma! Wallahi in ka faɗi haka a gabansa an gama. Ya ce kai yake son gani, ba aljihunka ba."

"Majalisa ce ta rikice mana. Ba ki san halin da oga yake ciki ba."

"Ni ma ba ka san halin da nake ciki ba. Duk gidan sunan da na je sai an tambaye ni, wai ya labarin ɗan Abuja? Na gaji da murmushin ƙarya..." Muryarta ta karye.

Ya rasa inda zai sa kansa. Yana son yarinyar nan, wannan ban taɓa shakka ba. "Share hawayenki. Kafin a yi shuka za ki gan ni a gonar Baba. Na yi alkawari."

Wayar ta yi gurnani a ƙarƙashin cinyarsa. Ashe bai kashe ta ba.

Rikicin da yake faɗa kuwa gaskiya ne. Jam'iyyar su Honarabul ta rabu a cikin majalisa. Wasu suna cewa gwamnati ta dawo da tallafin taki ko ta halin ƙaƙa. Wasu suna cewa kowa ya ji da kansa. Su Honarabul suka ware, suka kira kansu Zauren Tsakiya, suka ce ba sa can ba sa nan. Nasu ra'ayin shi ne a buɗe wa 'yan kasuwa da kamfanoni ƙofa, su kawo jari da injuna, manomi ya samu, su ma su samu. Ba zan ce duk maganarsu banza ce ba, akwai masu hankali a cikinsu. Amma ƙudirin da suka kawo a shekarar, na haɗe ƙananan gonaki a ba kamfani haya, 'yan jam'iyyarsu da kansu suka taso masa, suna cewa babu manomin da zai yarda.

Honarabul ya kasa zaune ya kasa tsaye. A mota ya juyo ya dubi Ja'afaru.

"Kai ɗan ƙauye ne. Ina son hoto mai motsi. Tarakta tana aiki, manoma suna murna, mata suna guɗa. In na nuna musu wannan a zauren majalisa, bakinsu ya mutu. Akwai inda za mu samu?"

Sai Ja'afaru ya ga kamar Allah ne ya haɗa masa abu biyu a wuri ɗaya.

"Ranka ya daɗe, akwai gona. Har abinci za a dafa."

Ya kira Rukayya, murya cike da fara'a. "Ki gaya wa Baba gayya ranar Asabar!"

"Da gaske? Alhamdulillahi! Da su wa za ka zo? Su Muntaka?"

"Ke dai ku dafa da yawa."

Bai ce mata tarakta ba. Bai ce wa Honarabul gayyar aure ba ce.

Ranar Asabar tun da sassafe gidan Malam Nababa ya kaure da hayaƙi. Aka yanka akuya a wannan tsadar, aka dama kunu, aka tuƙa tuwo. Rukayya ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa zaure ta dawo, har innarta ta ce, "Ke, za ki huda mana ƙasa!"

Shi Malam Nababa yana zaure. Al'ada ce, suruki ba ya zuwa ya tsaya a kan yaron da ya zo masa gayya, don kar ya takura shi. Sai rana ta take zai je ya duba ya sa albarka. Ja'afaru ya san da haka.

Motoci suka bi ta bayan gari suka tsaya a bakin gona, ga tarakta sabuwa ful ta wani kamfani, ga mai ɗaukar hoto, ga Honarabul da abokansa biyu na Zauren Tsakiya cikin fararen kaya. Direban taraktar baƙo ne, bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Ya shiga gonar Malam Nababa, bai yi nisa ba sai ga shi a ƙarshenta. Gonakinmu ƙanana ne, a manne da juna, ba abin da ya raba ta wani da ta wani sai layin gamba da aka dasa.

Mai hoto ya girgiza kai. "Wannan ba zai yi ba. Kafin in saita ta juyo. Ina son ta miƙe doguwar tafiya."

Honarabul ya nuna da sandarsa. "Waccan ciyawar fa, ta mece ce?"

"Iyaka ce, ranka ya daɗe," in ji Ja'afaru. "Daga can gonar Dabo ce, ƙanin mai gonar. Gaba kuma ta Larai ce, mijinta ya rasu."

"To ai abin da muke son nunawa ke nan! Gona ɗaya shimfiɗeɗɗiya. Su ma sun samu huɗa kyauta. Ko akwai matsala?"

Kowa ya zuba masa ido. Direba ya leƙo yana jira.

Ja'afaru ya san abin da gambar nan take. Duk garin an sani. Bayan rasuwar mahaifinsu, Nababa da Dabo sun yi shekaru ba sa ga-maciji a kan rabon gonar, har uwarsu Hure, tana tsohuwa tukuf, ta sa aka kawo ta, ta dasa layin nan da hannunta, ta sa su suka yi musabaha a kansa. Bayan nan ba ta daɗe ba.

Ja'afaru ya dubi gambar, ya dubi ogansa.

"To... a dai bi a hankali."

Direba ya taka.

Lokacin da mata suka ɓullo da ƙwarya da kwanuka a ka, Rukayya a gaba, babu gamba ko tsinke. Daga bakin hanya har gindin kuka jar ƙasa ce a kwance, gona uku sun zama ɗaya. Mai hoto ya juyo da na'urarsa kansu yana cewa, "Yauwa, ku yi guɗa! Ku yi guɗa!"

Ba wadda ta yi.

Rukayya ta sauke ƙwaryar kunu a hankali. Ta dubi gonar, ta dubi fararen kayan Ja'afaru da ko ƙura ba su taɓa ba.

"Yaya Ja'afaru... ina abokanka?"

"Rukayya, tsaya in yi miki bayani..."

"Ina iyakar Kaka Hure?"

Larai, wadda take cikin matan, ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. "Wayyo gonar marayuna! Ta ina zan gane ta?"

Ihun ne ya fito da gari. Dabo ya iso da gudu ba hula, Malam Nababa yana biye da shi yana haki. Su Honarabul, da suka ga yadda fuskoki suka canza, suka shige motoci.

Dabo ya tsaya a tsakiyar huɗar yana juyawa kamar wanda ya ɓata a daji. Sai ya nuna yayansa da yatsa.

"Yaya, ashe abin da ka shirya ke nan? Ka haɗa baki da surukinka ɗan gwamnati ku share iyaka!"

"Dabo, ka ji tsoron Allah! Ina zaure, ban san komai ba!"

"Ka yanka akuya ba ka san komai ba? Iyakar daga saitin kukar nan take!"

"Ƙarya ne, ta wuce kukar!"

Maganar da Hure ta binne ta tashi a wannan hantsin. Sai da mutane suka shiga tsakani. Tuwon gayya yana nan a bakin gona, ba wanda ya buɗe shi.

Aka kai magana gaban dagaci. Kowa ya kawo shaidunsa, kowane shaida da inda yake tunawa. Dagaci ya hana a taɓa tsakiyar wurin sai an daidaita. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi shuka, gero ya tsiro ko'ina, nan kuwa ciyawa ce ta rufe shi, a shekarar da kwanon hatsi yake neman gagarar mutane.

Ja'afaru ya yi ta kiran waya ba a ɗauka. Ya turo kawunsa, aka karɓe shi a tsaye. Da ya ga haka ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar gida, ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Da ƙyar Rukayya ta fito. Ta rame.

"Rukayya, don girman Allah ki saurare ni. Ni alheri na nufa. Zan kawo masu awo daga birni, su fitar wa kowa haƙƙinsa."

"Su auna daga ina? Wadda ta san wurin tana kabari."

"To in je in durƙusa wa Baba Dabo..."

"Jiya na gaishe shi a hanya. Ya kau da kai. Mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni!" Ta share ido da gefen mayafi. "Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kar ka yi mini irin maganarku ta majalisa. Kafin a taka gambar, an tambaye ka?"

"...An tambaye ni."

"Me ka ce?"

"Wallahi ban ce a yi ba."

"Ka ce a bari?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce a bari, Yaya Ja'afaru?"

"Oga yana tsaye a wurin, Rukayya. Da na ce a'a, aikina..."

"Na gane." Ta gyaɗa kai, hawaye suna zuba. "Da ka zo da garma ka huɗa kunya biyu ka faɗi, da Baba ya yi dariya ya ba ka ni. Da ka ce masa ba za ka iya ba, da na tsaya maka. Amma ni ban san ranar da za a tambaye ka a kaina ba, wani babba yana tsaye, ka ce a bi a hankali."

"Masoyiyata, kar ki yi mini haka! Ba ki sona ne?"

"Ina sonka. Shi ne abin da ya hana ni cin abinci." Ta juya. "Gobe za a mayar muku da kayanku. Ba Baba ne ya ce ba, ni ce."

Ya kira sunanta har sau nawa. Labulen zaure ya faɗi.

A Abuja kuma, hoton bai yi aikin da aka so ba. Wani ya ɗauki ihun Larai a wayarsa, ya bazu, 'yan jam'iyya masu adawa da ƙudirin suka yi ta kunna shi. Zauren Tsakiya suka zauna da shugabannin jam'iyya, suka janye ƙudirin, aka daidaita, kowa ya ci gaba da harkarsa. Honarabul ya gaya wa 'yan jarida cewa wani yaronsa ne ya ruɗe shi, kuma ya sallame shi.

Ga abin da Ja'afaru ya rasa, in lissafa muku. Ya rasa aikin da ya ji tsoron rasawa. Ya rasa Muntaka da sauran abokansa, waɗanda suka wasa garemani suna jiran ya kira su gayya bai kira ba. Ya rasa fuskar mahaifinsa, don Malam Iliyasu ya daina zama a dakalin masallaci saboda kunya. Ya rasa garinsu, sai dai ya shigo a ɓoye ya gaida innarsa ya fita. Kuma ya rasa Rukayya. Bayan kaka biyu aka ɗaura mata aure da wani malamin firamare a Bagwai, Dabo bai zo ɗaurin auren ba.